Na kai ƙasar lambunmu gwaji, ga abin da na gani da idona

Tun da aka ji na kai ƙasa ɗakin gwaji mutane ke ta tare ni da tambaya, wai da gaske abin yana da amfani ko kuwa wata sabuwar hanya ce ta raba manomi da ɗan kuɗinsa, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. A wajena dai kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amma fa akwai sharaɗi, in ba ka da wanda zai zauna ya warware maka takardar da za su miƙo maka, ya mayar da ita lissafin buhu da mudu da murfin kwalba, wallahi takarda kawai ka saya mai cike da lambobi, sai dai ka ninke ka sa a aljihu.

Wurin da na kai ɗakin gwaji ne mai zaman kansa a cikin Kano, ba na jami'a ba ne ba kuma na gwamnati ba, sunansa kuma ba zan kama ba tunda akwai yabo akwai ƙorafi a maganar tawa. Ƙasar wuri biyu na kai. Ɗaya ta lambunmu ce da ke can gefen Kura inda muke shan ruwan dam ɗin Tiga, ɓangarenmu jigawa ne, yashi ya fi yawa, da rani tumatir da albasa da tattasai, da damina masara, ƙanina ne ke tsaye a kai ni sai ƙarshen mako nake leƙawa. Ɗayar kuma ɗan filin bayan gida ne a cikin gari inda maiɗakina take da zogale da alayyahu da yakuwa da bishiyar lemun tsami guda ɗaya da ta daɗe tana ramewa, sabon ganye ya fito rawaya fatau jijiyoyin kawai ne kore. Matsalar lambun kuwa ita ce wadda kowa ke kuka da ita a yankin, duk shekara sai an ƙara taki a kan na bara amma kwandon da ake cirewa bai ƙaru ba, dashe ya kama sai ya tsaya cak kamar an riƙe shi, ƙasan ganyen ya ɗan yi shuɗi-shuɗi mai ja. Dattijon da muke iyaka da shi kullum amsarsa ɗaya ce, ƙasa ta gaji ɗana, a ƙara mata yuriya. To taki yanzu ba abin da za a riƙa watsawa da ka ba ne, wanda ya tuna lokacin da buhun NPK 20-10-10 na shirin gwamnatin tarayya yake naira 5,500 a 2017 ya san yau ko kusa ba a wannan maganar.

Abu na farko da ya burge ni da su tun a waya ne. Na kira nace zan kawo ƙasa, wanda ya ɗauka bai ce kawo kawai ba, yace Alhaji tsaya tukuna, yaya za ka ɗebo? Nace a leda mana. Yayi dariya yace in na cika leda daga wuri ɗaya to wannan wurin kaɗai za su auna min, ba lambun ba. Ya zauna ya yi min bayani tiryan-tiryan har katina ya kusa ƙarewa: in bi lambun a karkace, nan dama nan hagu, in tsaya wuri 15 zuwa 20, kowane wuri in share ciyawa da busasshen ganyen sama, in haƙa rami zurfin santimita 20, kusan taƙi guda ke nan, in yanko siririn yanki daga gefen ramin tun daga sama har ƙasa ba wai in kwashi ta sama kaɗai ba, duk in zuba a bokitin roba mai tsabta, kada na ƙarfe mai ruwan kwano don yana iya ɓata awon zink, in cakuɗa sosai sannan in ɗebi kamar rabin kilo. Ya kuma lissafa wuraren da zan kauce wa, gindin gawo, kusa da suri, inda aka taɓa jibge taki ko aka ƙona shara, bakin hanyar ruwa, da kan hanyar da ake takawa. Maganar gawon nan duk manomi ya san gaskiya ce, shukar gindinsa daban take, to in ka haɗa da ƙasar wurin sai sakamako ya nuna maka lambunka ya fi yadda yake ƙarfi. Yace in shanya a inuwa a kan takarda, kada a rana kada kusa da wuta, kuma kada in ɗiba in ba a daɗe da zuba taki ba. Mu mun ɗiba ne bayan an cire masara kafin a fara gyaran kwami, wanda shi ne daidai lokacin, don in aka ce ka gyara wani abu kana da sarari kafin dashe.

Wannan bayanin shi kaɗai ya isa a ce sun san aikinsu. Inda aka fara samun tangarɗa a wajen biyan kuɗi ne. Yarinyar da ke kan tebur ta miƙo min wata doguwar takarda da turanci, kowane awo da kuɗinsa, tace Baba wanne da wanne za a yi? To ni ina na sani. Ba wanda ya tambaye ni me kake shukawa, me ka zuba bara, da wane ruwa kake ban ruwa, fom ɗin suna ne da lambar waya da sunan gari shi ke nan. Sai da mutumin da muka yi waya ya fito daga ciki yace a yi min na yau da kullum, wato tsami, da yawan ruɓaɓɓen abu a ƙasa, da naitirojin da fosfaras da fotasiyam da kalsiyam da magniziyam, da gishiri, da rabon yashi da laka. Su zink da boron da ƙarfe kuɗinsu daban, kuma ba a gaya min haka ba sai bayan sakamako ya fito na nemi su na rasa. Don haka duk mai zuwa ya tambaya tun kafin ya yi tiransifa, me da me ke ciki, a rubuta masa a rasit. Kuɗin samfur biyun dai gaba ɗaya bai kai na buhun taki ɗaya ba, a nan kam ba ni da ta cewa.

Na roƙa a bar ni in leƙa ciki, ya bar ni. Ba wani ƙaton wuri ba ne, ɗaki biyu ne, a na farko an jera farantan roba a kan kanta kowanne da ƙasa a baje da 'yar takarda mai lamba, wata ja jangargari, wata baƙa ƙirin ta fadama, tamu fara-fara abin tausayi a cikinsu. Wani yaro na zaune yana murƙushe ƙasa a ɗan turmin tangaran yana tankaɗewa da rariyar ƙarfe mai ido milimita 2, tsakuwar da ta rage ya zubar. A ɗaki na biyu na ga yadda ake awon tsamin, a auna ƙasa a sikeli a zuba a ƙaramin kofin gilas, a ƙara tataccen ruwa ninki biyu da rabi, a juya a bar shi ya ɗan kwanta, sannan a tsoma wani siririn tsinken gilas da ke haɗe da na'ura lamba ta fito. Abin da na lura da shi, kafin ya fara sai da ya tsoma tsinken a wasu ruwaye biyu masu kala, ɗaya an rubuta 4 ɗaya 7, yace da haka ake saita na'urar kullum, in ba a yi ba ƙarya za ta riƙa yi. Kuma duk samfur ɗaya sai ya ɗauraye tsinken. Na ji hankalina ya kwanta gaskiya.

Sai jira. An ce min mako guda, mako ya wuce ya ninka ya zarce, in na kira yau a ce Nefa, gobe a ce injin ba mai, jibi a ce wani sinadari ya ƙare ana jiransa daga Legas, kuma ko sau ɗaya su ba su taɓa kirana sun ce ga halin da ake ciki ba, kullum ni ke bi. Ni na yi sa'a na kai da wuri, amma wanda irinsa ya isa dashe yana jiran takarda ai an cuce shi, don tumatir ba ya jiran kowa, in ya wuce lokaci a gadon reno ya yi tsawo ya lalace. Ƙarshe dai aka turo min hoton sakamakon ta WhatsApp, a karkace ma aka ɗauke shi, sai da na je na karɓo ta hannu.

Takardar shafi ɗaya ce, tebur ne da layi biyu, na lambu da na gida, sama an jera gajerun haruffa, ƙasa lambobi. Babu inda aka ce wannan ya yi ƙasa, wannan ya isa, wannan ya yi yawa. Babu kalmar Hausa ko ɗaya. Babu shawara. Nace malam to yanzu me zan zuba? Yace Alhaji mu fa awo ne aikinmu, shawara sai malaman gona. Na fahimce shi ta wani ɓangaren, mai awo ba lallai ya san noman albasa ba, amma kai jama'a, mutum ya biya kuɗi ya yi ta sintiri, a ce ko ɗan layi ɗaya da zai nuna ja ko kore ba za a iya sa masa ba? Wannan takardar an tsara ta ne don ɗaliban jami'a masu rubutun kammala digiri, su ne ma na ga sun fi yawa a wurin da ledojinsu goma-goma, manomi kuwa kamar baƙo ne da ya faɗo. In da ƙanina ne ya je shi kaɗai na tabbata cewa zai yi an damfare mu.

Wanda ya fitar da ni wani malamin gona ne da ya yi ritaya, muna sallah masallaci ɗaya. Bayan la'asar na miƙa masa, ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan yace wannan ƙasa biyun ai kishiyoyin juna ne, me kake zuba musu? Nace duk kamfa, wato NPK, da yuriya. Ya girgiza kai kawai.

Ga yadda ya warware min. Awon tsamin da suke rubutawa pH daga 0 ne zuwa 14, 7 ne tsakiya, ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa. Yawancin kayan lambu sun fi son tsakanin 6 da 7. Na lambunmu 5.3 ya nuna. Ni da na gani nace ai saura kaɗan ya kai 6 ɗin, yace a'a, awon nan ba kamar na mudu ba ne, duk lamba ɗaya ninki goma ne, wato 5 ta fi 6 tsami sau goma, ta fi 7 sau ɗari. Kuma da zarar an sauka ƙasa da 5.5 ƙarfe da alminiyam da ke cikin ƙasa sai su narke su kama fosfaras su riƙe gam, saiwa kuma ta kasa miƙewa, sai ya zama hatsi na cikin rumbu amma an datse ƙofa, kai kuma kana ta ƙaro dami kana jibgewa a bakin rumbun. Fosfaras ɗinmu da shuka za ta iya samu 6 ne a ma'auninsu, yace duk abin da bai kai 10 ba ƙasa ne, ga dalilin tsayawar dashe da wannan shuɗin ganyen. Ruɓaɓɓen abu kashi 0.4 cikin ɗari, yace a ƙasarmu ta arewa dama da wuya ka ga ya kai 1, zafi na cinye shi, mu kuma muna kwashe kara da harawa mu kai gida ba abin da ke komawa, amma namu ya yi ƙasa ko a hakan. Fotasiyam tsaka-tsaki, ba laifi. Naitirojin kuwa yace kada in damu da lambar sosai, kusan ko'ina a nan ƙasa za ta nuna, kuma abu ne mai yawo, ban ruwa biyu uku a yashi ya wanke shi, don haka ba a ajiye shi a ƙasa, ciyar da shi ake yi kaɗan-kaɗan.

Tsamin daga ina? Yace wani dama halin ƙasar ne, wani kuma yuriya ce ta shekara da shekaru ba tare da takin gargajiya ba, don duk lokacin da ta juye a cikin ƙasa tana barin tsami a baya, ƙasar yashi kuma ba ta da ƙarfin da za ta tare. Ya ba ni labarin wani fili a Samaru ta Zariya, a cibiyar binciken aikin gona ta IAR, da tun 1950 ake gwada zuba kashin shanu da takin zamani a kan kwamaye daban-daban shekara bayan shekara, kuma abin da ya fito fili shi ne inda ake zuba takin naitirojin zalla ƙasar tsami take ƙarawa, inda ake haɗawa da kashin shanu ta fi riƙe ƙarfinta. Wato maganar dattijon maƙwabcinmu rabinta gaskiya ce, ƙasa ta gaji ɗin, amma maganin da yake bayarwa shi ke ƙara gajiyar da ita.

Na bayan gida kuma 8.0. Fosfaras da fotasiyam sun yi yawa har sun wuce, gishiri ya ɗan hau. Bai ma tambaye ni ba yace ana zuba toka a wurin ko? Ana zubawa mana, duk tokar murhu da ta gawayi can take tafiya tun da muka tare, ga ruwan wanki mai omo da yara ke kwararawa gindin lemun wai kada a yi asarar ruwa. Yace to shi ne, a irin wannan ƙasa shuka ba ta iya jan ƙarfe da zink ko da suna nan, shi ya sa sabon ganye ke fitowa rawaya da koren jijiya, da yunwar naitirojin ce tsohon ganye na ƙasa ne zai fara yin rawaya. Wannan wurin ko ƙwayar kamfa ba ya buƙata, a daina toka, a daina ruwan omo, a sa ruɓaɓɓen ganye da takin da ya huce, a riƙa ba shi ruwa mai kyau sosai lokaci-lokaci ya wanke gishirin ya yi ƙasa.

A nan ne ma ya kamo musu wani kuskure da ni har abada ba zan gani ba. A ƙasan takardar da ƙananan haruffa sun rubuta hanyar da suka bi wajen awon fosfaras, Bray 1, duka samfur biyun. Yace wannan hanyar ta ƙasa mai tsami ce, ga wadda ta haura 7 sosai hanyar Olsen ake bi, in ba haka ba lambar kan fito ƙasa da gaskiya. A nawa bai yi ɓarna ba tunda ko a hakan ya nuna ya yi yawa, amma wani mai ƙasa irin wannan sai a sa shi sayen takin da ba ya buƙata. Da na koma na gaya musu ba su musa ba, cewa aka yi ita ce hanyar da suka saba yi wa kowa. To kun ji.

Lissafin da malam ya yi min a bayan takardar da biro shi ne ainihin abin da na amfana da shi. Na farko ya nuna min abin da ke cikin buhu: buhu mai kilo 50 na kamfa 15-15-15 naitirojin ɗin cikinsa kilo 7.5 ne, na yuriya mai 46 kuwa kilo 23, kuma yuriya ba ta da fosfaras ko ƙwaya, don haka ƙara ta a lambun da fosfaras ne ya yi ƙaranci ganye kawai za ka tara. Na biyu ya koya min sauko da lissafin hekta zuwa kwami, hekta murabba'in mita 10,000 ce, duk inda aka ce kilo 100 a hekta to giram 10 ke nan a murabba'in mita ɗaya, murfin kwalbar lemo kuma a cike yana ɗaukar wajen giram 5 zuwa 6, yace da irin wannan murfin masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT suka koya wa manoman gero a Nijar sa taki a gindin shuka maimakon watsawa. Ka ga yanzu magana ta dawo yaren da ƙanina zai gane. Tsarin da ya ba mu: takin gargajiya da ya ruɓe sosai tun wajen gyaran kwami, na kaji in an samu don yana da fosfaras amma kada ɗanye yana ƙona dashe, sufa, wato takin fosfaras, a gindi lokacin dashe a rufe da ƙasa tunda fosfaras ba ya tafiya sai an kai shi kusa da saiwa, ga shi kuma sufa na ɗauke da kalsiyam da farar wuta, kamfa a rage amma kada a daina don tumatir na cin fotasiyam in ya fara 'ya'ya, yuriya kuma a raba ta kashi-kashi a riƙa binnewa ba a watsa a sama rana ta kwashe ba. Sai garin farin dutse don rage tsamin, irin dutsen da ake siminti da shi, a niƙe, a zuba makonni kafin dashe a cakuɗa da ƙasa a ba ta ruwa, kuma kada a haɗa shi rana ɗaya da yuriya, haka ma toka, in sun haɗu naitirojin ɗin tashi yake yi iska. Ya ja kunnena kan yawa, yace ƙasar yashi kaɗan take so ba kamar laka ba, in ka zarce ka koma matsalar bayan gidanka.

Neman garin dutsen nan ma wani aiki ne. Masu shagon taki da na tambaya wasu ba su taɓa jin ana zuba shi a gona ba, wani yace in sayi farar ƙasar shafe bango, wani har cewa yayi in sa kanwa tunda tana kashe tsamin miya. Kada wanda ya gwada kanwa don Allah, gishirinta kashe ƙasa yake yi, ta daskare ruwa ya daina shiga. A wajen masu sayar da kayan haɗa abincin kaji na samu, wanda ake sa wa kajin ƙwai don ɓawo ya yi ƙwari, sai dai nasu tsaki-tsaki ne, sai ka nemi mai laushi ko ka sa a ƙara niƙawa, in ba haka ba zai daɗe bai yi aiki ba. Tokar gidan da aka hana zubawa a bayan gida kuma yanzu a buhu ake tarawa ana kaiwa lambu, can ne take da amfani.

Akwai masu cewa me zai kai ni wannan wahalar ga 'yar na'urar nan mai ƙafa biyu da ake sayarwa a intanet da shagunan kayan gona, wadda ba batir, ka soka a ƙasa allura ta motsa. Wani abokin ƙanina ya kawo tasa muka gwada. A lambu ta nuna kusan 7, a bayan gida kusan 7, muka matse lemun tsami a kan ƙasa muka soka, da ƙyar ta ɗan gusa. Wuri biyun da ɗakin gwaji ya ce 5.3 da 8.0 ita duk ɗaya ne a wajenta. Araha ba ta ado. Wajen nuna danshi dai tana ɗan ƙoƙari, wannan kuwa yatsa ma na yi. In tsamin kawai kake son ka san inda ya dosa, 'yan takardun nan masu canza kala da ake samu wajen masu kayan ɗakin gwajin makarantu sun fi ta nesa ba kusa ba, ka jiƙa ƙasar da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ruwan fa ba asid ɗin ba, ka bar ta ta kwanta ka tsoma. Amma ba za su gaya maka fosfaras ko fotasiyam ba.

Kuma kada a ɗora wa gwajin abin da ba nasa ba. Bai ganin tsutsar sharon da ta share tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, bai ganin ciwon da ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, wannan gwajinsa daban, bai gyara iri mara kyau, bai hana gindin tumatir baƙi in ban ruwanka yau akwai gobe babu. Masu lambu a bakin Jakara da Getsi da Challawa da ke shan ruwan da ya biyo ta masana'antu kuma wannan na yau da kullum ɗin ba zai nuna musu gubar ƙarfe irin su dalma da kuromiyam ba, sai sun nema takanas sun biya daban, kuma su tabbatar wurin na da na'urar yin sa ba aikawa za a yi wani wuri ba.

Sakamako a gona fa? Rani ɗaya kawai muka yi da sabon tsarin don haka ba zan cika baki ba. Malam ya sa mun bar 'yan kwamaye a gefe a kan yadda aka saba don a ga bambanci, kuma an gani, dashen da ya samu sufa da takin kaji ya kama da wuri ya yi duhu, shuɗin nan bai fito ba, albasar ta fi girman kai, yuriyar da muka saya kuma ba ta kai ta bara ba, abin da aka rage a nan kaɗai ya mayar da kuɗin gwajin. Wane kashi na garin dutse ne wane na takin kaji ne, wannan ba a raba ba tunda tare aka zuba su. Lemun bayan gida sabon tohon da ya yi ya fi na da kore amma da saura, an ce dama ƙasar da ta sha toka ba ta saurin dawowa. Dattijon maƙwabcinmu ya zo ya tsaya a kan iyaka ya duba ya duba yace iri ne kuka canza, muka ce irin bara ne Baba, yace to ruwa ne. Har yau bai yarda ba, amma ya tambayi ƙanina inda ake samun sufa.

In maki zan ba su, awo da bayanin ɗibar ƙasa sun ci, farashi ya yi daidai, cika alƙawarin lokaci da tsarin takarda kuwa sun faɗi warwas. Mai tukwane biyar na alayyahu a tsakar gida ba sai ya je ba, ya nemi takin da ya ruɓe ya daina zuba toka da ruwan wanki ya wadatar. Amma duk wanda ke sayen taki buhu biyu zuwa sama a shekara, ko zai karɓi hayar fili da bai san tarihinsa ba, ko zai dasa itatuwa irin su mangwaro da gwaiba da lemo da za su shekara ashirin a wurin, ya je, kuma ya fara nemo malamin gonar da zai karanta masa tun kafin ya biya, ko a ofishin hukumar raya aikin gona ta Kano, KNARDA, na ƙaramar hukumarsa ko na jiharsa in ba a Kano yake ba. Ku haɗu ku huɗu biyar masu iyaka da juna mutum ɗaya ya kai, kowa da ledarsa da sunansa a ciki da waje, don alƙalamin da aka rubuta a jikin leda gogewa yake yi. Malam yace bayan shekara biyu ko uku a sake, a lokaci irin wanda aka ɗiba na farko, a ga ko tsamin ya motsa. Zan sake ɗin in Allah ya kai mu, wataƙila a wurinsu wataƙila a wani wurin in na samu masu rubuta shawara, kuma wannan karon da gorar ruwan burtsatsen gida zan tafi a auna gishirinsa shi ma, don malam na zargin ba toka da omo kaɗai ne suka kai bayan gidan 8.0 ba.